Firigon Basiratu Mai Zafi

Duk baƙon da ya sauka a tashar Filinge ya ce gidan Basiratu mai firigo yake nema, ba ya rasa mai nuna masa hanya, sai dai mai nunin kan bi bayansa da murmushi. Baƙo ya tafi da zaton ruwan sanyi ko ƙanƙara. Yana wuce zaure sai ya tarar da mace gajera, kakkaura, mai wushirya, ta buɗe masa wani tsohon firigo da tsatsa ta cinye wa ƙafafu, ɗumi ya bugo masa fuska, ga ƙwan zabbi reras a kan tire hawa uku.

A Shikal aka haife ta, ƴa ta huɗu a gidan manomin hatsi. Shekara biyu ta yi a lakkol, makarantar boko, ta iya ƙirga da rubuta sunanta, ta ce hakan ya ishe ta, ta koma gindin kakarta Muna, wadda duk ƙauyen ya sallama wa a kiwon zabbi. Zabuwa ba ta iya reno ba. Da damina takan shige cikin hatsi ta zuba ƙwai, abu kaɗan ya firgita ta, ta tashi ta bar su. Aikin Basiratu shi ne ta bi sawun zabbi a gona, ta gano inda suka ɓoye, ta kwaso ƙwan a cikin ƙoƙo, kaka ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Abin da ke ba ta haushi tun lokacin shi ne kaza ba ta rufe fiye da goma sha biyar, ragowar sai dai a dafa.

Ta auri Tahiru, tela a kasuwar Filinge, don ya iya ba ta dariya. Mutum ne dogo siriri, mai son labarin duniya. Rediyo ba ya barin gindin kekensa, kuma tun yana saurayi jam'iyya ɗaya yake bi, ta faɗi yana ciki, ta hau mulki yana ciki. Shi ke ɗinka musu huluna lokacin zaɓe. Suka haifi ƴa guda, Anisa, suka aurar da ita a Yamai.

Wata shekara aka kai ƙungiyar matan unguwarsu ma'aikatar kiwo, aka nuna musu injin ƙyanƙyasa. Sauran mata suka tsaya nesa suna salati. Basiratu ta cusa kanta ciki har wuya, ta fito ta ce, “Wanga ai kaza ce ta katako. Akwati, ɗumi, da tasar ruwa. Mi ya rage?”

A makwabtansu akwai wani likita da aka yi wa canjin wurin aiki, ya tafi ya bar mataccen firigo a bayan ɗaki. Ta roƙa aka ba ta. Ta kira Ibrahim mai gyaran rediyo, abokin Tahiru, ya jawo waya, ya ɗaura mata ampul biyu a ciki, wato ƙwan fitilar lantarki, irin na da, masu jan haske, waɗanda ba a iya taɓawa in sun daɗe a kunne. Ta zuba ƙwai arba'in, ta yi wa kowane alama da gawayi, tana juya su sau uku a yini. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ta tafasa ruwa, ta ɗura a kwalabe, ta naɗe da tsumma ta jera a ciki. Unguwa ta yi ta dariya. Rana ta ashirin da takwas ta buɗe firigo ta ga ƴan zabbi ashirin da uku suna tangal-tangal a kan tire. Guɗar da ta rangaɗa sai da mata suka fito da gudu ba mayafi, suna tambaya wa ta haihu.

Daga nan ta zama Basiratu mai firigo. Ranar kasuwa masu saye kan zo tun daga Bonkuku, wasu ma su kawo nasu ƙwan ta ƙyanƙyashe musu. Tahiru kan yi alfahari a fada, wurin zaman hirar maza, cewa matarsa da ƙwan fitila biyu take renon ƙwan zabo ɗari.

Shekara bakwai tana haka, sai magana ta taso daga Yamai. An kai wani daftarin doka majalisa. In ya wuce, za a daina shigo da ampul mai zafi, da tsofaffin firigo na gwanjo, da duk wani kayan gida mai shan kuran fiye da kima, kuma kowane sabo sai an manna masa tambarin da ke nuna yawan cinsa. Masu mulki suka ce ta haka ɗan kuran da ƙasa ke da shi zai ishi kowa. Ƴan adawa suka ce talaka aka nufa, tunda shi ne ba ya iya sayen sabo. Filinge ta ɗauka. A fada, a gindin masu shayi, a mahauta, har mutanen da gidansu bai taɓa ganin waya ba suna da ra'ayi mai ƙarfi a kan firigo. Tahiru na gaba-gaba wajen kare doka. Basiratu kuwa ko a jikinta. Damina ta sauka, zabbi na zuba ƙwai, ta cika firigo da casa'in.

Kwanansu goma a ciki aka yi suna a Bonkuku, wajen ƙanwarta. Tun da safe ta shirya, ta tsaya a kan Tahiru tana jera masa.

“Baban Anisa, da azahar ka juya su, alamar gawayi ta koma ƙasa. In anka ɗauke kuran, ga kwalabe nan. Kada ka bar ƙohwa buɗe.”

“Tahi abinki,” in ji shi. “Sai kin dawo kin ga aiki.”

Ashe a ranar ne wani ma'aikacin hukumar makamashi, Abdurrazak, ya iso daga Yamai da mota cike da kwalaye. Ya kafa tebur a gaban mairi, ofishin magajin gari, mai shela ya zaga gari: kowa ya kawo tsohon ampul, a ba shi sabo fari kyauta, wanda ba ya shan kuran. Tahiru ya ga dama ta samu da zai nuna misali. Ya rufe shago, ya je gida ya kwance na ɗaki, ya kwance na zaure, ya tsaya gaban firigo ya yi tunani kaɗan, ya ce ai wannan ma ya fi cancanta, tunda dare da rana yake ci. Ya kwance duka biyun. Aka tafa masa a gaban mairi. Ya dawo ya ɗaura sababbi, ya ga cikin firigo ya yi fari fat kamar ɗakin asibiti, ya ji daɗi har ransa. Da azahar ya zo ya juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya, yadda aka ce masa.

Bayan la'asar Basiratu ta sauko daga mota da ƙullin goro da cincin. Ya tare ta a zaure yana washe baki.

“Rufe idonki tukuna.”

Ba ta rufe ba. Ta wuce shi ta buɗe firigo. Haske ya kashe mata ido. Ta sa hannu ciki, ta ji kamar ta sa shi a randa.

“Wa yat taɓa mini firigo?”

“Ni na. Kin ga haske? Kuma wanga ko shekara biyar ba ya mutuwa.”

“Ina nawa?”

“Suna mairi. An amshe su, za a kai Yamai a farfashe.”

Ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa makwabciyarta Lailatu kira, suka hura wuta biyu, suka cika kwalabe da ruwan zafi, suka jera. Ta ce Lailatu ta ci gaba da tafasawa kada ta tsaya. Sannan ta ɗaure gyalenta a ƙugu, da kayan sunan a jikinta, da jan lalle a ƙafa, ta nufi mairi da sauri har takalmi na tashi. Tahiru ya biyo ta a baya yana, “Tsaya mana ki ji,” mutane na buɗe musu hanya.

Ta tarar Abdurrazak na loda kwalaye a mota. Matashi ne mai tabarau, mai ladabi, da alama ya gaji. Ga jama'a ba su watse ba, kowa na ce masa Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci ɗan boko.

“Mushe, sannu da aiki. Ampul ɗina biyu na zo amsa.”

“Inna, ai an ba ku sababbi.”

“An ba mu. Ga su can suna haska mini gawa casa'in. Nawa nika so.”

Ya gyara tabarau, ya ɗauko tsohon ampul guda daga kwali, ya ɗaga sama yadda ya yini yana yi. “Inna, bari in yi miki bayani. Wannan da kike gani ɓarawo ne. In ya ci kuran kashi goma, kashi ɗaya kaɗai yake mayarwa haske. Tara duk zafi ne, ɓarna ce kawai.”

Basiratu ta tafa hannu. “Yauwa, ɗana, Allah shi yi maka albarka! Tara ɗin nika so. Ɗayan ka riƙe abinka.”

Wurin ya fashe da dariya. Wani dattijo ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Abdurrazak ya tsaya da ampul a sama, baki buɗe, sai da Tahiru ya matso cikin kunya ya bayyana masa abin da ke cikin firigon. Da ya gane sai ya jingina da mota ya yi ta dariya yana share hawaye da bayan hannu. Ya ce shekara uku yana wannan bayani, daga Gaya har Ayoru, ba a taɓa ce masa a ba da taran ba. Ya buɗe kwali ya ce ta zaɓa. Ta tona, ta tona, ta fito da nata biyu, ta ce ta san su da ɗigon lallen da ta yi musu a wuya. Ya ƙara mata biyu a kai.

Kafin magariba firigo ya koma ɗuminsa. Amma ƙwai sun yi kusan yini a sanyi, kuma ba wanda ya san ko akwai sauran rai a ciki.

Abin da ba ta sani ba, wani ya ɗauki maganarta a waya. Kwana uku ba su cika ba muryarta ta zaga Kurfai, duk yankin nasu. Mai sayen nama ya ce wa mahauci, “Tara ɗin nika so, ɗayan ka riƙe.” Mai fura ta faɗa wa mai nono. Direbobin motar Yamai suka fara sauke mata saƙo, ampul naɗe cikin tsumma, daga Damana, daga Baleyara, daga mutanen da ba ta taɓa jin sunansu ba. Wata tsohuwa daga Imanan ta aiko da guda wanda ya riga ya ƙone, da gaisuwa. Basiratu ta cika tukunyar ƙasa da su, ta fara ta biyu.

Sai ga Alhaji Mansur da kansa. Shi ne konseye, wato kansila, na ƴan adawa, babban ɗan kasuwa, mai gidan bene kusa da tasha. Ya yi sallama a zaure da mutum biyar a bayansa, ya ajiye turmin atamfa mai launin jam'iyyarsu, ya ce ita ce muryar talakan Kurfai, kuma rediyon gari zai shirya muhawara a kan dokar nan, yana so ta zauna a gefensa. Ta yi godiya, ta shafa atamfar ta ji tana da kauri, ta ce za ta zo.

Tahiru kuwa ya shiga uku. Manyan jam'iyya suka kira shi suka ce matarsa ta zama makamin abokan hamayya, ya san yadda zai yi. A fada aka sa masa suna Mai Haske. A gida kwana biyu ana ajiye masa tuwo ba a ce masa ci kanka. Ya rame a tsaye.

Rana ta uku da hantsi ta kira shi ɗaki. Ta rufe ƙofa da taga, ta huda kwali, ta kife shi a kan sabon farin ampul ɗin, haske ya fito ta hudar kamar tsinke. Ta ɗauko ƙwai ɗaya daga firigo ta ɗora. Da can da tocila take duba su, ɓawon ƙwan zabo kuwa kauri gare shi, sai dai ta ga inuwa-inuwa. Yanzu sai ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwa, ga wani baƙin abu a tsakiya. Suka kafa masa ido. Abin ya motsa.

“Yana da rai!” Tahiru ya yi tsalle har kansa ya bugi azara. “Basira, wallahi ya motsa! Kawo wani!”

Suka duba casa'in ɗin kaf, shi yana riƙe da kwali, ita tana ɗorawa, duk wanda ya motsa sai su yi ihu tare kamar masu kallon kokawa. Fiye da sittin na da rai. Ta zauna a bakin gado tana dariya tana haki, ta dube shi ta ce, “Ampul ɗinka ba shi da zuciya, amma yana da ido.” Daga ranar aka ci gaba da yi masa magana.

Ranar muhawara ta faɗo daidai kwana na ashirin da bakwai. Tun da safe aka ɗauke kuran, ga ƙwai sun fara tsagewa. Basiratu ta ce ba inda za ta. Alhaji Mansur ya aiko sau biyu. Daga ƙarshe ta bar Lailatu da firigo da kwalabe, ta zaɓi goma sha biyu da suka fi kusa, waɗanda ba ta yarda wani ya kula da su ba, ta shimfiɗa kwalaben ruwan zafi a babbar ƙwarya, ta jera su a kai, ta rufe da atamfar Alhaji ninki huɗu. Ta ce wa Tahiru tunda shi ya jawo, shi zai ɗauka. Haka suka ratsa gari, shi a gaba da hular masu mulki a ka, ƙwarya rufe da zanen ƴan adawa a hannu, yana tafiya sannu-sannu kamar mai ɗauke da amarya, ita a baya tana, “A hankali, ga rami nan.”

A gindin dogonyaron gaban mairi aka jera benci. Injin wuta na ruri a gefe. Nasiba, mai gabatar da shiri a rediyon gari, ta riƙe makirufo. Masu mulki a dama, ƴan adawa a hagu, ga wakilin prefe, shugaban gundumar, a kujerar roba a tsakiya. Abdurrazak ya dawo daga Yamai musamman. Basiratu ta zauna kusa da Alhaji Mansur, ta ɗora ƙwarya a cinya.

Alhaji ya fara, kuma ya iya magana. Ya ce matar da ke sayar da ƙanƙara da tsohon firigo, da shi take ciyar da gida. In an hana shigo da irinsa, ranar da nata ya mutu ina za ta samu na sabo? Ya ce waɗanda suka rubuta dokar nan a ɗaki mai sanyi suka rubuta ta. Hagu ta ɗauki tafi.

Abdurrazak ya ce kuran da ke isowa Filinge kaɗan ne, daga nesa yake zuwa. Firigon da Turawa suka gama da shi suka zubo mana yana cin na sabo uku. In kowane gida ya rage ci, ɗaukewar za ta ragu, mai ƙanƙarar ma ƙanƙararta ta daina narkewa. Dama ta ɗauki tafi, Tahiru ya fi kowa.

Nasiba ta miƙo makirufo. “Inna Basiratu, Kurfai na saurarenki. Ke wane gehe kike?”

Basiratu ta gyara ƙwarya, ta yi sallama, ta gaida manya.

“Ni dai ban yi nisa a lakkol ba. Alhaji ya yi gaskiya, talaka ba shi iya sabo. Na gode kuma da atamhwa, ga ta nan, tana riƙe ɗumi ƙwarai.” Aka fara ƙus-ƙus. “Amma Alhaji, layinmu guda da kai. Injin sanyaya ɗaki ukku gare ka a bene. Da azahar in kun kunna su, ampul ɗina sai su yi ja kamar an tauna goro, in tashi in hura wuta. In dokar ga za ta sa injinanka su rage ci, ni ina sonta.”

Dama ta miƙe tsaye da ihu. Alhaji Mansur ya cire hula ya shafa kai ya mayar, yana murmushin dole. Tahiru ya manta kansa ya yi guɗa irin ta mata. Basiratu ta jira suka lafa, ta juya.

“Kai kuma Mushe, ampul ɗinka hwari yana da kyau. Da shi na ga ɗiyana a cikin ɓawo, ba ni maida shi. Amma kun zauna kun rubuta zahi ɓarna ne, ba ku tambayi kowa ba. Mai kiwon kaji nawa ag ga ƙasar ga? In kun kwashe masu zahin duka, ni da mi zan yi reno? Ko kai za ka zo ka kwanta musu?”

Yanzu hagu ce ta tashi. Wakilin prefe ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa na rawa. Abdurrazak ya ɗaga hannu biyu sama alamar ya sallama. Nasiba na ƙoƙarin tsayar da hayaniya, sai Basiratu ta ɗaga yatsa.

“Ku yi shiru! Ku yi shiru, don Allah!”

Ta kara kunne a ƙwarya. Ta ɗaga gefen atamfa a hankali. Nasiba, da yake ta san aikinta, ba ta tambayi kowa ba ta zura makirufo ciki. Daga manyan lasifikan mairi, da kowace rediyo da ke kunne a gona da shago da rugga, sai aka ji, “Tsiyau, tsiyau, tsiyau.”

Filin ya rikice. Benci ya kife, dama da hagu suka cakuɗe, kowa na son ya leƙa. Uku sun fito tun a hanya har sun bushe, na huɗu na fama da ɓawo a ka kamar hula. Ɗaya daga cikin busassun ya ga haske, ya yi tsalle ya dire ƙasa, ya ruga ƙarƙashin kujerar wakilin prefe. Basiratu ta yi kururuwa kada a taka mata ɗa. Sai ga Alhaji Mansur da babbar rigarsa a durƙushe ta wannan gefe, ga Abdurrazak da tabarau a karkace ta wancan, suna “kur-kur-kur” har goshinsu ya gwaru. Ɗan zabon ya fice ta tsakaninsu, Tahiru ya cire hular jam'iyya ya kife shi da ita. Nasiba tana dariya har ta kasa rufe shiri, sai mai kula da inji ne ya sa kiɗa.

Cikin casa'in, sittin da ɗaya suka fito. Alhaji Mansur ya aiko a sayo masa goma, ya ce lallai har da wanda ya sa shi durƙuso. Abdurrazak ya zo gida washegari, ya ci tuwo, ya auna ɗumin firigo, ya ɗauki hoto, ya cika shafi uku da rubutu, ya ce zai kai wa manyansa.

Dokar kuwa ta daɗe tana yawo. Aka mayar da ita kwamiti, aka gyara, aka sake jayayya. Wasu sun ce an ƙara layi guda a kan masu kiwo, kuma saboda Basiratu ne. Wasu sun ce ba a ƙara komai ba. Ita ba ta taɓa ganin takardar ba, ba ta kuma nema ba. Abin da ta gani shi ne ƴan kasuwa sun daina kawo ampul mai zafi da kansu, don kowa fari yake nema. Tukwanenta biyu suka kai ta damina uku.

Tun kafin su ƙare Tahiru ya sa abin a ransa. Ya ɗauki tsohon dutsen gugarsa na kuran ya kai wa Ibrahim, suka kwance shi, suka ciro wayar da ke zafi da ɗan ƙarfen da ke kashe ta in ta yi yawa, suka ɗaura a wani mataccen firigo. Suka zuba ƙwai talatin na gwaji, suka tafi sallar Juma'a suna yaba wa juna. Kafin su dawo ƙamshi ya cika gida. Basiratu ta daka yaji, ta kira unguwa, aka zauna a tabarma aka ɓare talatin ɗin tas, ana yi wa injiniyoyin biyu addu'a. Gwaji na biyu bai yi ɗumin kirki ba. Na uku ya yi daidai, har yana kashe kansa yana kunnawa, kuma cinsa bai kai na ampul ba. Tahiru ya yi wata guda yana ba da labarin a fada ga duk wanda ya tsaya.

Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, ɓangarorin biyu duk sun aiko ta tsaya musu konseye. Ta ce taron mairi da azahar ake yi, ita kuwa da azahar take juya ƙwai.

Yanzu ta doshi sittin, gwiwa ta fara ciwo, firigo huɗu ne jere a rumfar tsakar gida. Daminar bara wata mata, Ruƙayyatu, ta zo tun daga Imanan da mataccen firigo a kan amalanken jaki, ta ce kuran ya iso ƙauyensu, tana so a koya mata. Ta kwana uku, Tahiru da Ibrahim suka ɗaura mata wayar zafi a firigon. Ranar da za ta koma ta ce abu ɗaya ya rage mata, ita ba ta da ma'aunin zafi, yaya za ta san ɗumi ya yi daidai? Basiratu ta ɗauko ƙwai daga tire, ta ce ta rufe ido, ta manna mata shi a fatar idon.

“Mi kika ji?”

“Kamar hannun jariri.”

“To, shi ke nan. In ya kai hannun mai zazzaɓi, buɗe ƙohwa. In kin ji ƙamshi, daka yaji.”

Tahiru, da ke ɗaure firigon a amalanke, ya ce shi dai bai ji komai ba. Ruƙayyatu ta hau, ta rungume kwandon ƙwai a cinya, jaki ya ja, suna jiyo dariyarta har ta sha kwanar tasha.